Ƙasa da Kasa

A shekarar da 'yan ƙwallonmu suka ɗauko kofin Afirka, wato 2013, kamfaninmu ya ɗauki injiniyar kwamfuta. Ba na mantawa, domin ranar Lahadi aka ci kofin, washegari Litinin masu acaɓa suka wuni suna danna ham a titunan Minna, a ranar kuma ta fara aiki. Ni na buɗe mata ƙofa. Ta shigo da jaka goye a baya kamar 'yar makaranta, ta ce, "Baba, sannu da aiki. Ina ofishin manaja?"

Kamfanin na awon filaye ne da zanen gine-gine, a wani bene mai hawa ɗaya. A ƙasa akwai sakatarori biyu da masu awo, a sama kuma masu zane da manaja. Ni ne masinja, ni ke shara da goge tebura. Shekarata arba'in da takwas a lokacin, kuma wata bakwai ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a wata firamare a unguwarmu Tudun Wada, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Karatun allo na yi shi gwargwado tun ina ƙarami, amma boko sai da furfura ta fara fito mini. Kafin nan, in aka ba ni wasiƙa in kai, da launin ambulan da kamannin hatimi nake gane ta wace ma'aikata ce.

Injiniyar 'yar Gbagyi ce daga wani ƙauye gaba da Kuta, iyayenta manoman doya. Hausarta irin ta Minna ce, mai sauri da daɗin ji, sai dai harshenta bai san ɗa da ƙa da ɓa ba. Ɗaki a bakinta daki ne, ƙofa kuma kofa. A nan zan rubuta maganarta yadda malaminmu ya koya mana, sai inda dole in bar ta yadda ta fito.

Kwamfutocin ofishinmu iri uku ne, ni kuwa da hotonsu na san su tun kafin in iya karatu. Na ma'aikata in an kunna su suna nuna taga mai launi huɗu. Ta manaja siririya ce mai ruwan azurfa, da hoton tuffa da aka gatsa a bayanta. Sai iri na uku da ita ta zo da shi, mai hoton wani tsuntsu mai farin ciki. Ranar da na faɗa mata haka ta tambaye ni yadda aka yi na san yana murna. Na ce ba murna nake nufi ba, cikinsa ne fari.

A ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala akwai tsofaffin akwatunan kwamfuta guda bakwai, kowanne da aikinsa, kowanne da irin kukansa. A cikinsu duk takardun kamfani suke. Aikin farko da ta yi shi ne ta kwashe abin da ke cikinsu ta zuba a babbar na'ura guda ɗaya mai tsuntsu. Ta ce kwamfutoci suna nan a ciki suna aiki, kowace da kanta, jiki ne kawai ba su da shi.

Manaja mutumin Bida ne, dogo, mai son raha. Asalinsa mai awo ne, in bai ga turke a kafe ba bai yarda an auna fili ba. Ya tsaya a bakin ɗakin ya dubi akwati ɗaya tilo, ya ce, "Madam Kwamfuta, ina sauran?"

"Suna ciki, Alhaji."

"Ciki ina? Buɗe in gani."

"Ba a ganin su da ido sai a allo."

"To, aljanu kika kawo mana ke nan." Ya yi dariya, sannan ya gimtse. "Wata shida na gwaji aka ba ki. In aljanun nan suka cinye mini aikin mutane, ke da su za ku fita rana ɗaya, a dawo mini da akwatunana."

A gabana ya faɗa, ina riƙe da tsintsiya. Ta ce ta ji. Amma bayan ya hau sama na ga ta zauna ta daɗe tana kallon takalminta.

Ni ta yi wa bayanin da na gane. Ta ce, "Baba, gidan da kake zaune na haya ne?" Na ce e, mu shida ne a ciki. Ta ce to haka na'urar take. Gida ɗaya ne, mai tsuntsu shi ne maigida, ɗakuna kuma kowanne da ɗan hayarsa da makullinsa. Wani ɗan hayar mai taga ne, wani mai tsuntsu, ba ruwan maigida da irin kowa. In wuta ta tashi a ɗaki ɗaya, ana iya rufe shi ba tare da ta kama na kusa ba. Kuma, abin da ya fi ba ni mamaki, tana iya ɗaukar hoton ɗaki da duk abin da ke ciki, in ya lalace ta mai da shi yadda yake ranar da aka ɗauki hoton. Na ce ina ma a ce maigidanmu na Tudun Wada ya iya wannan, da rufin ɗakina ya koma yadda yake shekara goma da suka wuce.

Ni kaɗai aka yarda in shiga ɗakin ƙarƙashin matakala in yi shara, domin ba na taɓa abin da ba a sa ni ba. An sa masa na'urar sanyi, shi ya sa kowa ke kiransa ɗakin sanyi. A kan ɗan tebur akwai allo da ke nuna sunayen 'yan hayar a jere. Kullum in na gama shara sai in tsaya in haɗa baƙaƙe. Wata safiya na haɗa na farko: ka, sa. Kasa. Na ɗauka gazawa ake nufi. Na ajiye tsintsiya na haura sama da sauri, na same ta tana gyara wa mai zane waya.

"Injiniya, ɗaya ya kasa!"

"Wa ya kasa?"

"Ɗan haya. An rubuta a allo."

Muka sauko tare tana gaba. Ta duba, ta dube ni, sai ta kama bakin tebur tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, sunansa ne! Wannan sama, na masu zane. Wannan kasa, na mutanen kasa. Wannan kofa, shi ke gadin hanyar intanet."

Na ce, "Ai ƙasa da ƙugiya ake rubuta ta." Malaminmu lanƙwasa yake cewa, ni dai ƙugiya na riƙe. Na nuna mata a littafina, inda na cika shafi guda da ƙa.

"Madannan kwamfuta ba su da ƙugiya," in ji ta. "Bakina ma ba shi da ita."

"To abin da kika rubuta ko gazawa ce, ko maciji."

"Maciji kuma?"

Na ba ta labarin kasa, gajeren macijin nan mai kauri da ke kwanciya cikin busassun ganye. Ba ya gudu, ba ya bin mutum, sai ka taka shi da kanka. Ta san shi sarai a gonarsu, sunansa na Hausa ne ba ta sani ba. Sai ta ce ai haka cutar kwamfuta take, tana kwance cikin takarda har sai wani ya buɗe.

Bayan kwana biyu ta kira ni ɗakin sanyi ta nuna mini allo. Ta samo ƙa daga wani wuri ta manna, ɗakin mutanen ƙasa ya zama ƙasa sosai, da ƙugiyarsa a kai. Kwamfutar ba ta san inda za ta sa wannan baƙin harafi ba, sai ta jefa sunan can ƙarshen jeri. Sannan ta buɗe sabon ɗaki wanda ba ya haɗe da kowa, ta sa masa suna kasa, ba ƙugiya. Ta kafa doka cewa duk filashin da ya shigo daga waje, wato ɗan abin nan da ake zuba takardu a ciki a soka a kwamfuta, a wannan ɗakin za a fara buɗe shi. In da maciji a ciki, can zai yi saransa shi kaɗai. Na ce saura ƙofa. Ta ce, "Haba Baba, ƙugiya ɗaya a wata ta isa."

Daga nan ta fara koya mini. Wuta tana yawan ɗaukewa, janareta kuma yana da ranakun da yake jin taurin kai, ita kuwa ba kullum take cikin ofis ba. Sai ta yi mini ƙaramin makulli, wato suna da kalmar sirri, wanda ba ya iya goge komai, dakatar da ɗaki kawai yake iyawa. Ta ce in zaɓi kalmar da kaina. Na kawo sunan matata, ta ce duk ofis sun san shi. Na kawo Minna, ta ce ko akuya za ta canka. Na kwana biyu ina tunani kafin na samo wadda ta karɓa. Har yau ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan rubuta ta a nan ba. Da yatsa ɗaya nake buga ta, a hankali, ita kuma ta juya baya tana kallon bango har in gama. Ta gargaɗe ni da abu guda, kada in dakatar da kowane ɗaki sai da bakinta, domin in na rufe ɗakin da ake aiki a ciki, aikin mutane zai tsaya cak.

Kowa ya bi dokar filashi ban da manaja. In ta yi magana sai ya shafa bayan siririyar kwamfutarsa ya ce, "Wannan ba ta ciwo. Tambayi kowa." Ita kuma ta ce, "Ba ta ciwo, Alhaji, amma tana ɗauko wa wasu." Sai ya ce, "Malam, ka ji Madam tana yi wa tuffata sharri." Ni dai in yi murmushi in ɗauke kofin shayi.

Da damina ta yi nisa, kamfani ya sami babban aiki, zanen wata unguwa sabuwa da za a miƙa wata Alhamis. Masu zane sun yi mako uku a kai, duk yana cikin sama. Zane yana da nauyi, wurin ajiye hotuna ya cika, faifan da ta nema a ƙara kuma bai iso daga Legas ba. Saboda haka hoton ƙasa na Juma'ar da ta wuce ne, amma hoton sama ya kai mako uku, tun kafin a fara zanen. Ta faɗa mini wannan ranar Litinin da yamma, tana shirin mai da mahaifiyarta ƙauye bayan an duba mata ido. Ta ce, "Baba, kwana ɗaya ne. Ka duba mini 'yan haya."

Ranar Talata da hantsi ina goge gilashin taga sai babbar sakatariya ta kira ni. Ta ce takardunta suna ɓacewa. Na leƙa allonta, na ga jakunkunan takardu suna sauya kama ɗaya bayan ɗaya, in ta danna ba sa buɗewa. Ta biyun ma ta ce nata haka. Wani mai awo ya ɗago kai ya ce nasa ma. Manaja ya sauko, ya tambayi abin da aka buɗe na ƙarshe. Sakatariya ta ce, "Takardar da ka zuba mana da safe, Alhaji, wadda aka kawo maka a filashi." Sai ya hau gyara hularsa.

Na kira injiniya. Sai a kira na huɗu ta ɗauka, muryarta tana zuwa tana tafiya. Ta ce in dakata ta hau kan suri a gonar babanta, nan ne kawai waya ke kamawa. Da ta ji bayani, ta ce, "Kar kowa ya ƙara danna komai. Baba, in abin nan ya haura sama, zanen mako uku ya tafi, ni ma na tafi. Shiga ɗakin sanyi."

Na shiga, manaja yana bayana. Na zauna gaban allo, na ce masa, "Ranka ya daɗe, sai ka juya baya." Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Na ce haka dokar take. Ya juya. Na buga kalmata da yatsa ɗaya, ta shiga a karo na farko.

"Na shiga, Injiniya."

"Yawwa. Dakatar da kasa. Kasa kawai, kar ka taɓa..."

Layin ya yanke.

Manaja ya leƙo ta kafaɗata ya sa yatsa a sunan farko. "Ga shi nan, kasa. Danna mana, Malam." Kunnena kasa ya ji, idona kasa ya gani, mai ilimi kuma ya nuna. Na danna. Alamar da ke gefen sunan ta sauya daga kore zuwa rawaya. Manaja ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi.

Ba a yi minti biyu ba sakatariya ta ɗaga murya daga waje. "Baba, bai daina ba fa! Yanzu ya shiga na awon Bosso!"

Na sake duban allo. Na karanta jerin daga farko a hankali, yadda muke yi a aji, da yatsa a ƙarƙashin kowane baƙi. Kasa. Kofa. Sama. Can ƙarshe kuma, ƙasa, da ƙugiyarta, alamarta kore shar, tana ta aiki. Sai na tuna da bakin da ya ba ni umarni. Maciji na rufe a ɗakinsa, alhali ba shi ke ɓarna ba.

Na ce, "Alhaji, guda biyu ne."

Ya sunkuyo ya duba. "Ai duk ɗaya ne. Sau biyu ta rubuta."

"Wannan da ƙugiya, wannan babu."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shekara talatin yana karanta Hausa bai taɓa kula akwai wata ƙugiya ba. "To danna shi ma!"

Na ce sai da bakinta. Ya ce shi ne manaja. Na ce na sani, ranka ya daɗe, amma yanzu na danna ɗaya bisa ji, ga inda ta kai mu. Ban dai zauna haka ba, na roƙe shi ya hau ya ce wa masu zane su ɗaga hannu daga kwamfutocinsu. Ya tafi da sassarfa, na ji takunsa a kan matakala bisa kaina. Ni kuma na yi ta kira. Na kira sau bakwai, ina kallon sunan sama kamar mai gadin jariri. A na takwas ta ɗauka tana haki, ta ce santsi ya zame ta daga kan surin.

Na ce, "Injiniya, saurara da kyau. Ƙasar da ake takawa, ko kasa mai sara?"

Sai ta ƙwala ihu har na janye wayar daga kunne. "Wayyo! Ta takawa! Mai kugiya, Baba, mai kugiya!"

Na kai linzamin kwamfuta kan mai ƙugiya, na danna. Kore ya koma rawaya. Daga waje na ji sakatariya tana cewa komai ya tsaya, allonta ma ya daskare. Injiniya ta ce haka ake so. Ta sa na karanta mata launin kowane suna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce a kashe duk kwamfutocin ƙasa daga bango, tana zuwa.

Kafin la'asar ta iso a motar Kuta, takalminta duk jan laka, zanen mahaifiyarta ɗaure a kan siket saboda nata ya ɓaci. Ba ta gaisa da kowa ba sai da ta shiga ɗakin sanyi ta buɗe sama. Ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya, masu zane uku suna tsaye a bakin ƙofa. Da ta kai na ƙarshe ta jingina da kujera ta rufe ido, ta ce, "Yana nan duka." Babban mai zane, dattijo ne da bai cika magana ba, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta girgizawa.

Sannan ta mai da ƙasa kan hoton Juma'a. Wannan kam na tsaya na gani da idona. Jakunkunan da suka lalace suka dawo da kamanninsu, sakatariya ta danna ɗaya ya buɗe, ta yi guɗa a cikin ofis kamar ana biki. Injiniya ta bi kwamfutocin ƙasa ta wanke su. Daga ƙarshe ta hau sama ta tsaya gaban teburin manaja ta miƙa hannu. Ya dubi tuffarsa, ya dube ta, ya tura mata. A ciki ta sami takardar mai cutar tana kwance lafiya lau, ba ta yi wa mai ita komai ba.

"Ka gani, Alhaji? Ba ta ciwo."

"Na gani, Madam. Kar ki ƙara."

Da za ta sauko ta same ni a matakala, ta ce, "Baba, laifina ne. Ni na sa wa ɗakuna biyu suna ɗaya." Na ce ai sunan biyu ne, bakin ne ɗaya. Ta ce in faɗi ƙasa ta maimaita. Na faɗa, ta gwada, ya fito kamar mai shaƙuwa. Muka yi ta yi har masu awo suka shigo ciki, kowa yana gwada tasa, Banufe da Bayarabe da ɗan Gbagyi, ofis ya cika da ƙa, ƙa, ƙa kamar gidan kaji. A ranar ta sauya wa ɗakin gwaji suna ya koma maciji, wanda kowa ke iya faɗa.

Ranar Alhamis aka miƙa zanen a kan lokaci, ni na kai shi da hannuna, kuma na karanta sunan ofishin a jikin ƙofa ba tare da na tambayi kowa ba. Da na dawo na tarar manaja ya tara ma'aikata. Ya ce gwajin Madam ya ƙare tun kafin wata shida su cika, ta zauna a aikin ke nan. Ya ce daga yau filashinsa ma sai ya bi ta wurin maciji. Tsofaffin akwatuna bakwai kuma ya ce in kwashe su daga bayan matakala in kai sito.

Abin da aka rasa shi ne aikin da mutanen ƙasa suka yi daga safiyar Litinin zuwa hantsin Talata. Wasiƙu tara, aka sake buga su. Awon filaye biyu, ɗaya aka kwafo daga littafin mai awo, ɗayan sai da aka koma Bosso aka sake ja da igiya. Hotuna goma sha huɗu na sunan jikar babbar sakatariya, da ta zuba ranar Litinin ta goge daga wayarta, su ba su dawo ba. Sai filashi ɗaya, da manaja ya sa dunduniyar takalmi ya murƙushe.